Darasin Kimiyya: Wa Zai Shiga Tseren 'Yan Mata?

 A ajiye hira, a buɗe littafin rubutu. Darasinmu na yau ya haɗa ilimin halittar ɗan Adam da wata rigimar shari'a da ta daɗe tana ci a Amurka: wa doka ta yarda ya shiga wasannin 'yan mata a makaranta, kuma da wane ma'auni za a gane shi? Na san maganar tana da nauyin baki, domin za mu ambaci abubuwan da ba a saba faɗa a gaban manya ba. Amma aji wurin neman sani ne, kuma malaman fiƙihu ma ba su ƙi buɗe babin wanka da na haila don kunya ba. Za mu yi ta cikin ladabi.

Ku dubi allo. A gasar Olamfik ta 1996 a birnin Atlanta, Chioma Ajunwa ta yi dogon tsalle na mita 7.12, ta kawo wa Najeriya lambar zinare. A wannan gasar dai, Carl Lewis ya ci zinaren maza da mita 8.50. Tazarar mita 1.38 ce. A gudun mita 100, bajintar duniya ta maza ita ce sakan 9.58, wadda Usain Bolt ya kafa a Balin a 2009, ta mata kuwa sakan 10.49 ce, ta Florence Griffith-Joyner tun 1988. Idan aka bi wasannin gudu da ninƙaya ɗaya bayan ɗaya, za a ga zakarun maza sun fi zakarun mata da kimanin kashi 10 zuwa 12 cikin 100. A tsalle tazarar ta kusa kashi 20, a ɗaga ƙarfe ta wuce 30.

Kashi 10 cikin 100 ƙaramin abu ne a jarrabawar aji, amma a filin tsere shi ne bambancin wadda ta hau dandamalin karɓar lamba da wadda ba ta ma kai zagayen ƙarshe ba. Da a ce maza da mata layi ɗaya suke tsayawa, da duniya ba ta san Ajunwa ba. Saboda haka aka ware rukunin mata. Raba 'yan wasa rukuni-rukuni ba baƙon abu ba ne a wurinmu: a filin dambe ba a haɗa ɗan koyo da mai sa-zare, kuma a 2009, da aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Najeriya, har da Kano da Kaduna da Bauchi cikin masu masauƙi, an riƙa ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa don tantance shekarunsu. Duk inda aka ja layi, dole a sami hanyar gane wanda ke ciki da wanda ke waje.

To, daga ina wannan tazara ta fito? Mu koma cikin mahaifa.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu zaruruwa guda 46 da ake kira kuromozom, a jere biyu-biyu, tagwaye 23. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Tagwayen ƙarshe su ne na jinsi: galibin mata suna da XX, galibin maza XY. A makonni shida na farkon ciki, ɗan tayin namiji da na mace kamanninsu ɗaya, kuma gaɓar da za ta zama maraina ko ma'ajiyar ƙwai ba ta karkata ko'ina ba tukuna. A kan kuromozom Y akwai wata 'yar ƙwayar gado mai suna SRY, wadda Andrew Sinclair da abokan aikinsa suka gano a Landan a 1990. Wajen mako na bakwai takan kunna, kamar yadda ake kunna fitila, sai gaɓar nan ta zama maraina. Marainan su fara zubo sinadarin testosteron, shi kuma ya gina sauran gaɓoɓin namiji. Inda babu SRY, wasu ƙwayoyin gadon ne ke jan ragama, gaɓar ta zama ma'ajiyar ƙwai.

Ku rubuta wannan da kyau, don duk darasin a kansa ya tsaya: abu huɗu ne a jere, kamar sarƙa. Akwai kuromozom, akwai gaɓar haihuwa ta ciki, akwai sinadarin da take zubowa, sannan akwai amsawar jiki ga sinadarin. Testosteron kamar makulli yake, ƙwayoyin jiki kuma suna da kwado. Idan makullin bai shiga kwadon ba, ƙofa ba ta buɗuwa, ko da makullai sun cika gidan.

Daga yarinta har wajen shekara 11 ko 12, testosteron ɗin yaro da na yarinya duk ƙasa yake, shi ya sa tazarar gudunsu ba ta da yawa. Duk wanda ya taɓa kallon tseren 'yan firamare ya ga yarinyar da ta bar samarin ajinsu a baya. Balaga ce ke raba hanya. A jinin baligin namiji, testosteron yakan kai tsakanin nanomol 7.7 da 29.4 a kowace lita, na mace kuwa da wuya ya wuce 1.7. Kusan ninki 15 ke nan, kuma babu inda ma'aunan biyu suka haɗu a tsakanin masu lafiya. Cikin 'yan shekaru wannan sinadari yakan ƙara tsoka, ya tsawaita ƙasusuwan hannu da ƙafa, ya faɗaɗa kafaɗa, ya ƙara girman zuciya da huhu. Yakan kuma ɗaga himogulobin, wato abin da ke cikin jan jini mai ɗaukar iskar oksijin zuwa tsoka, da kimanin kashi 12 cikin 100. Ita kuwa yarinya, sinadarin isturojin ne ke faɗaɗa mata ƙugu, ya ƙara mata kitse, ya kuma tsayar da tsawon ƙashinta da wuri.

Har zuwa nan masana ba su da saɓani mai yawa. Saɓanin yana farawa ne idan aka zo kan mutanen da ba su zauna daidai cikin wannan bayani ba, kuma su iri biyu ne mabambanta, kodayake sau da yawa ana yi musu kuɗin goro.

Na farko su ne waɗanda aka haifa sarƙar nan tasu ta sami tangarɗa a wani wuri. Hausawa na ce musu mata-maza, malaman fiƙihu na cewa hunsa, har sun yi bayanin alamomin da ake dubawa a gane inda ya fi karkata, da yadda za a ba shi gado idan ya rikitar: rabin kason namiji da rabin na mace. Kun ga ke nan abin ba sabo ba ne. Likitoci sun gano hanyoyi da dama da hakan ke faruwa. Akwai yarinyar da ke da XY, marainanta na ɓoye a ciki suna zubo testosteron kamar na namiji, amma kwadon jikinta ba ya karɓar makullin sam. Takan tashi mace, da siffar mace, sau da yawa ba a gane komai sai an ga ta girma ba ta fara al'ada ba. Testosteron bai ƙara mata tsoka ko ɗaya ba. Akwai kuma wani yanayi da likita Julianne Imperato-McGinley ta bayyana a 1974, bayan bincike a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika: jariri mai XY wanda jikinsa ya rasa sinadarin da ke mayar da testosteron zuwa nau'insa mai ƙarfi da ke gina al'aurar namiji tun yana cikin mahaifa. Sai a haife shi da kamannin mace, a raɗa masa sunan mace, amma da balaga ta zo, tsoka da murya su amsa kiran testosteron. Yara biyu, duka XY, duka an rene su mata, amma a filin tsere labarinsu ya sha bamban.

Na biyu su ne masu sauya jinsi: an haifi mutum namiji sarai, sarƙarsa ba ta da tangarɗa, amma yana ɗaukar kansa mace, yana rayuwa a matsayin mace, wani lokaci da taimakon magunguna. A Amurka doka da asibitoci sun ba wannan gurbi, kuma a kansu ne dokokin da za mu duba suka fi mayar da hankali. Abin da addini da al'adarmu suka ce a kan wannan kun san shi, kuma yana da ajinsa. Namu a yau shi ne abin da ke faruwa a jiki, da yadda doka ta yi da shi.

A 1972 shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar ilimi mai ɗauke da sashen da ake kira Title IX, wanda ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda jinsi. A lokacin 'yan matan sakandare da ke wasanni a duk faɗin ƙasar ba su kai 300,000 ba. Yau sun haura miliyan 3. A can wasa hanyar karatu ce: yarinyar da ta yi fice a gudu ko ninƙaya takan sami gurbin jami'a kyauta. Shi ya sa idan iyaye suka ɗaga murya a kan wannan batu, kuɗin makaranta da makomar 'ya'yansu suke karewa.

Matsalar ita ce dokar 1972 ta ce jinsi, ba ta fassara kalmar ba, kuma kowace jiha tana da ikon tsara makarantunta. A 2013 Kalifoniya ta yi doka cewa ɗalibi zai shiga wasa bisa jinsin da yake ɗaukar kansa. Connecticut ma irin wannan tsari take bi, kuma a can ne a Fabrairun 2020 wasu 'yan mata 'yan tsere suka shigar da ƙara, suna cewa masu sauya jinsi biyu sun kwashe kambun jiha har 15, sun hana su guraben da suka cancanta. A ƙarshen Maris na 2020 gwamnan Idaho, Brad Little, ya sa hannu a doka ta farko a ƙasar da ta keɓe wasannin mata, daga firamare har jami'a, ga waɗanda aka haifa mata kaɗai. West Virginia ta bi sahu a 2021. Zuwa 2025 jihohin da ke da irin wannan doka sun haura 25 cikin 50. Ranar 5 ga Fabrairun 2025 shugaba Donald Trump ya ba da umarnin janye kuɗin tarayya daga makarantun da ke barin masu sauya jinsi shiga wasannin mata, washegari kuma hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta sauya ƙa'idarta ta bi umarnin. A watan Yulin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta amince ta saurari ƙararrakin Idaho da West Virginia.

Yanzu ga tambayar da kimiyya za ta iya amsawa: idan baligin namiji ya sha maganin danne testosteron, shin fifikon nan yana tafiya? Amsar ita ce wani ɓangare yana tafiya, wani ba ya tafiya. Himogulobin yakan sauko zuwa na mata cikin kimanin wata huɗu, domin jini kullum sabunta kansa yake yi. Tsoka ba ta da wannan saurin. Masu bincike Emma Hilton da Tommy Lundberg sun tattara bincike-binciken da aka yi, suka ga bayan wata 12 ana shan magani, tsoka da ƙarfi sun ragu da kimanin kashi 5 cikin 100 kawai. Wani bincike da aka yi da bayanan gwajin ƙarfi na sojojin saman Amurka ya nuna bayan shekara biyu fifikon da ake da shi a motsa jiki na hannu da na ciki ya ɓace, amma a gudun mil ɗaya da rabi har yanzu akwai fifikon kashi 12 cikin 100. Ƙashi kuwa, da zarar ya yi tsawo ya rufe, babu maganin da zai gajarta shi. Wannan ne ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a Maris na 2022 da Lia Thomas, mai sauya jinsi wadda ta taɓa ninƙaya a ƙungiyar maza ta Jami'ar Pennsylvania, ta lashe kambun mata na yadi 500 a gasar jami'o'i. A wannan gaɓa ina tare da masu cewa a kare rukunin mata. Wanda balagar namiji ta ratsa jikinsa ya riƙe abin da magani ba ya karɓewa duka, kuma rashin adalci ne a ce wa yarinyar da ta yi shekara shida tana tashi da asuba don atisaye ta haƙura.

Amma ku lura da iyakar waɗannan bincike: an yi su ne a kan manya, galibinsu ma ba 'yan wasa ba. Makaranta kuwa cike take da yara. Ɗalibar da ta kai ƙarar West Virginia, wadda kotu ke kira B.P.J., shekararta 11 lokacin da aka fara shari'ar, kuma an ba ta maganin da ya tsayar da balagar namiji tun farkonta. Lauyoyinta suna cewa testosteron bai taɓa gina jikinta ba, don haka dalilin dokar bai shafe ta ba. Jihar kuma tana cewa ba za a iya auna kowane yaro ɗaiɗai ba, dole a ja layi guda wanda kowa ya gane, kuma ko kafin balaga akwai ɗan bambanci tsakanin maza da mata. Hukumar ninƙaya ta duniya, a 2022, ta ja nata layin a kan balaga, ta ce sai wanda ya tsayar da ita tun farkonta ko kafin shekara 12. Hukumar guje-guje ma a 2023 balaga ta yi wa iyaka. Dokokin jihohin Amurka kuwa haihuwa suka duba.

Akwai kuma batun yawa. A 2022 gwamnan Utah, Spencer Cox, ya ƙi sa hannu a irin wannan doka, ya ce cikin 'yan wasan sakandare kimanin 75,000 a jiharsa masu sauya jinsi huɗu ne, ɗaya kaɗai ke wasan mata. Majalisa ta tsallake shi ta tabbatar da dokar. A Disambar 2024 shugaban NCAA, Charlie Baker, ya shaida wa majalisar dattawa cewa cikin 'yan wasa 510,000 waɗanda ya sani ba su kai goma ba. Masu goyon bayan dokar suna amsawa da cewa kambu ɗaya ne a kowace gasa, mutum ɗaya ya isa ya ɗauke shi. Wannan ma gaskiya ce.

Inda nake so mu daɗe shi ne hanyar tantancewa, domin a nan ne ake garin gyaran gira a rasa ido. Dokar Idaho, yadda aka rubuta ta, ta ce idan aka yi jayayya kan jinsin 'yar wasa, sai ta kawo shaidar likita bisa ɗaya daga abu uku: duba gaɓoɓin haihuwa, auna testosteron, ko gwajin ƙwayoyin gado. Ba a neman wannan daga kowane yaro namiji. 'Yan mata kaɗai abin ke hawa, kuma wadda za a fi zargi ita ce doguwa, mai faɗin kafaɗa, mai kaurin murya, wadda ta yi nasara. Ya riga ya faru. A Utah a 2022, iyayen wasu 'yan mata da aka kayar sun kai ƙorafi kan wadda ta kayar da su, hukumar wasanni ta sa aka bi takardun makarantarta har zuwa ajin rainon yara, ba tare da an sanar da ita ko iyayenta ba. Takardun suka nuna mace ce tun farko.

Manyan gasanni sun riga sun bi wannan hanya, kuma tarihinsu darasi ne. A gasar Turai ta 1966 a Budapest an sa mata sun tuɓe a gaban likitoci. A 1968 kwamitin Olamfik ya koma gwajin kuromozom ta hanyar gogo cikin kunci. A 1985, a gasar jami'o'in duniya a Kobe ta Japan, gwajin ya nuna María José Martínez-Patiño, 'yar Sifaniya mai tsallake shinge, tana da XY. Irin yarinyar nan ce da kwadon jikinta ba ya karɓar makulli. Da labarin ya fita aka kore ta daga masaukin 'yan wasa, aka soke tallafin karatunta da bajintocinta, wanda zai aure ta ya janye. Sai a 1988 aka mayar mata da haƙƙinta. A Atlanta ɗin da Ajunwa ta ci zinare, an gwada mata 3,387, takwas aka samu da SRY, kuma bayan ƙarin bincike dukansu aka bar su suka yi wasa. A 1999 aka daina yi wa kowa da kowa gwajin. Daga baya aka koma auna testosteron, ƙa'idar da 'yar tsere Caster Semenya ta Afirka ta Kudu ta yi shekaru tana ƙalubalanta a kotuna. Ƙa'idar ta taɓa mu a gida: Aminatou Seyni ta Nijar, wadda ta yi mita 400 cikin sakan 49.19 a 2019, ba ta sami damar yin wannan tseren a gasar duniya ta Doha a shekarar ba, sai ta koma mita 200, inda a 2022 ta zo ta huɗu a duniya. Daga Satumbar 2025 hukumar guje-guje ta dawo da gwajin SRY, kuma Sinclair da kansa, wanda ya gano ƙwayar, ya fito ya ce ita kaɗai ba ta isa ta yanke hukunci ba. Dalilinsa shi ne sarƙar nan mai zobe huɗu da kuka rubuta ɗazu: gwajin zobe ɗaya yake gani.

Ku yi tunanin wannan a makaranta irin tamu. Yarinya 'yar shekara 14 ta ci tseren gidaje na ƙarshen zango, uban wata ya ce bai yarda ba. Ko da an duba an wanke ta, maganar ta riga ta shiga unguwa, kuma kun san abin da irin wannan magana ke yi wa yarinya idan lokacin aure ya zo. Idan kuma aka duba aka tarar da wani abu da ita kanta ba ta sani ba, to ta ji sirrin jikinta daga bakin alƙalin wasa, a maimakon likita da mahaifiyarta a ɗaki a rufe. Shi ya sa nake ganin duk dokar da za a yi don kare 'yan mata dole ta cika sharuɗɗan da kimiyya kanta ta nuna. Ta bambance ɗan firamare da baligi, ta bambance wadda aka haifa da tangarɗa da wanda ya sauya daga baya, ta bambance wasan motsa jiki na ranar Alhamis da gasar da ake cin gurbin jami'a. Tantancewa kuma ta zama ta kowa da kowa lokacin rajista, a hannun likita, a asirce. Kada a bar ta a hannun wanda 'yarsa ta zo ta biyu.

An kusa buga ƙararrawa, ga aikin gida. A gudun mita 800, David Rudisha na Kenya ya yi minti 1 da sakan 40.91 a Landan a 2012, Jarmila Kratochvílová kuma ta yi minti 1 da sakan 53.28 a 1983. Ku mayar da su duka sakan, ku fitar da tazarar a kashi cikin 100. Ku yi haka da dogon tsalle: Mike Powell mita 8.95, Galina Chistyakova mita 7.52. Sannan ku zana sarƙar nan mai zobe huɗu, ku nuna zoben da ya sami tangarɗa a jikin Martínez-Patiño, ku bayyana a layi biyar dalilin da ya sa gwajin kuromozom ya yi kuskure a kanta. A kawo mini ranar Litinin kafin a shiga aji.